Ruwan Jarka a Famfon Kwarin Gawo

Jiya da la'asar wani daga cikinku ya tsaya a ƙofar shagon nan, ya ɗaga waya sama, ya karkace baki ya ɗauki kansa, sannan ya juyo ya ce mini, "Baba Iro, ai yanzu kowa ma mai hoto ne." Ban tanka masa ba don bakina cike yake da goro. Yau babu goro, sai ku gyara zama a kan bencin nan ku ji. Latsawa ba ita ce sana'ar ba. Akuya ma in ta taka wayar nan taku za ta ɗauki wani abu. Abin da ke ba ni haushi shi ne kun mai da hoto wasa, alhali ni da idona na ga hoto guda ya tashi ruga sukutum daga inda aka binne kakanninta.

Aikin farko da maigidana Mamman Dogo, Allah ya ji ƙansa, ya damƙa mini ba kyamara ba ce, randa ce. A lokacin baƙi da fari muke yi, mu wanke da kanmu a wani ɗan ɗaki bayan shago da aka toshe tagarsa da bargo. Maganin wankin hoto ba ya son zafi, Daura kuwa kun san ta da bazara. Sai in cika randa, in jera kwalaben maganin a ciki su huce, in riƙa tsoma yatsa ina ji. In na yi sake ruwan ya ɗumama, fuskokin mutane su fito kamar an shafa musu toka, ni kuma in sha ranƙwashi. Na daɗe ina wannan da shara da wanke faranti kafin ya yarda in leƙa ta idon kyamara, leƙe kawai, ba latsawa ba. Fim ba abin wasa ba ne, ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Ba irin naku ba na a ɗauka a goge a sake. Amarya in ta kifta ido a hannunmu, to ta kifta ke nan har jikokinta su gani.

Wata rana wani manomi ya zo daga Sandamu, zai aika wa ɗansa da ke aiki a kudu hoto. Rigarsa ta sha jiki, ƙafarsa duk faso. Ina shirin tsayar da shi haka nan sai maigida ya harare ni. Ya ɗauko babbar rigar da muke ratayewa a ƙusa domin irin wannan, ya ɗaura masa agogon da bai taɓa aiki ba, ya ja tukunyar fulawar roba ya kare ƙafafun, ya sa shi ya dafa rediyo. Da mutumin ya tafi ya ce mini, "Iro, wanda ya zo wurinka ya san talaucinsa, ba sai ka wanke masa shi a kati ba." Haka na tashi, haka duk masu hoton ƙasar nan suka tashi, haka kuma mutanenmu suka san hoto, abu ne da ake yi wa wanka da kwalliya. Na yi na masu neman takardar ƙetare iyaka a Kongolam, na yi na baƙi masu zuwa ganin Kusugu, na yi na suna da na saukar karatu, ban taɓa gamuwa da wanda ya ce a ɗauke shi yadda yake ba.

Shekarar da ta fi kowace muni gare ni ita ce lokacin da fim ke gargarar mutuwa. Ƙananan kyamarori masu nuna hoto nan take sun shigo, masu wanke mana mai kala a Kano suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, in wuni a shago ba mai leƙo ni sai ƙuda. Ana cikin haka wani injiniya ya zo nemana, ɗan wata ƙungiya mai aikin ruwa. Ya ce akwai tsofaffin famfunan iska warwatse a ƙauyukan masarautar nan tun na zamanin da, suna so in zagaya in ɗauko musu kowanne. Ƙarfinsu ba zai kai su gyara duka ba, kaɗan za a zaɓa, kuma da hotunan za a yi zaɓen. Inda famfo ya mutu mutane suke wahala, nan za a tayar.

Da yawanku ba ku taɓa ganin famfon iska ba, don ba ku wuce inda waya ke kamawa. Hasumiya ce ta ƙarfe doguwa, a samanta fanka mai fukafukai da yawa, da wutsiya mai juya ta ta fuskanci iska. In fankar tana juyawa sai ta riƙa ɗaga wani dogon rodi da ya sauka har cikin rijiyar burtsatse, ruwa ya hau bututu ya zuba a kwami, mutane su ɗiba, dabbobi su sha. Ba mai, ba lantarki. Ɗaukarsa kuwa ba kamar ɗaukar mutum ba ne, don ba za ka ce masa ya matso inuwa ba. In ka tsaya kusa ka ɗaga kai, hasumiyar ta fito kamar za ta faɗi da baya. In ka yi nisa ta koma tsinke. In rana tana bayanta, baƙin ƙarfe kawai za ka samu. Sai ka zagaya, ka jira hantsi ko yamma, ka sami mutum ko saniya a gindinta don a gane tsawonta. Sannan ga babbar: in idon kyamara ya kifta da sauri, fanka mai gudu a tsaye cik za ta fito, ka rantse matacciya ce. In kana so a ga tana juyawa, sai ka kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku, ka rage saurin kiftawar, ka riƙe numfashi. Wanne daga cikinku ya san wannan?

Na naɗe kyamara a tsohon zani, na ɗaure a bayan babur, na shiga yashi. Na ga famfon da shamuwa ta yi wa sheƙa a ka, na ga wanda aka kwance fukafukansa aka yi ƙyauren garka da su, na ga wanda ƙudan zuma suka tare a ciki har suka kore ni na bar takalmi ɗaya a wurin. Duk inda na je ba a san da zuwana ba, in ɗauki abin da na tarar in wuce. Sai Kwarin Gawo, can arewa wajen iyaka, inda wani mai shisshigi ya riga ni kai labarin cewa mai hoto na tafe.

Tun daga nesa na ji kalangu, na zaci biki ake. Da na iso sai na tarar da gari kaf a gindin famfo, kowa cikin kayan sallarsa. An share wurin tas, an shafe kwamin da farar ƙasa, an jera duwatsu su ma an shafe su. Fanka tana ta gudu a sama, kwami cike maƙil da ruwa, ga shanu masu ƙiba an tsare a gefe ana jira in shirya a sake su su sha. Mai gari Lawal yana kan kujera da rawaninsa. Na faɗi na yi gaisuwa, na ce a raina wannan kam lafiyarsa lau, in ɗauka in kama hanya.

Ina kafa kyamara sai wani dattijon Bafulatani ya matso kamar zai gyara igiyar saniya. Shi ne Ardo Sale, mai rugar da ke bayan garin, shanun nan nasa ne. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Mai hoto, dubi bakin bututun can." Na duba. Zanzaro ya gina gidansa a ciki, ya toshe shi da laka har ta bushe ta tsage. Ardo ya ce rodin ya karye a ƙasa tun bayan kaka, fankar juyawa kawai take ba ta jan komai. Ruwan da nake gani kuwa, tun da sassafe ake jido shi a jarkoki da amalanken shanu daga rijiyar Ɗan Marke, garin da ke gaba da su, inda kullum sai an yi cacar baki kafin a bar dabbobinsa su sha. Ya ce, "Mutanen Ɗan Marke sun gaya mini bana ce ta ƙarshe. In ba a gyara wannan ba kafin ranin baɗi, ni da iyalina sai tashi. A nan aka haifi babana, mai hoto."

Raina ya ɓaci. Na koma gaban Mai gari na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, wannan hoton ba na ado ba ne. Masu gyara za a kai wa. In suka ga ruwa za su ce ba ku da damuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To me kake so a yi?"

"A kwashe ruwan, jama'a su watse, in ɗauki wurin yadda yake jiya."

"Ruwan da aka sha wahala aka jido, a kwashe? Sannan ka ɗauke mu cikin kashin awaki ka kai birni, manya su gani su ce ga garin Lawal? Kai a shagonka haka kake yi wa mutane?"

Nan ya ɗaure ni, don ba haka nake yi ba. Ga maza sun yi tsaye cikin rana da manyan riguna, mata sun sha lalle, ba yadda za a yi in naɗe kayana in tafi ban ɗauke su ba. Na ce to, zan yi musu nasu, amma da sharaɗi: na zaure ne, ba zai fita daga garin ba. Ya ce ya ji. Ni kuwa in na sa ido a kyamara ban iya rabin aiki ba. Na jira rana ta sauko, na rage saurin kiftawa, na ce a saki shanu. Fanka ta fito tana gudu kamar faifai, hasken yamma a kan ruwa, shanu sun tsoma baki, rawanin Mai gari fari ƙal. Tun da nake ban yi hoton da ya kai shi kyau ba, ban kuma yi wanda na tsana kamarsa ba.

Bayan 'yan kwanaki na koma ba sallama, ranar kasuwar Mai'adua da na san Mai gari ba ya gari. Ardo ya tare ni. Kwamin ya bushe ƙayau, awaki sun kwanta a ciki suna raɓar 'yar inuwar bangonsa. Wahalar ita ce yadda zan nuna wa mutumin da ke zaune a ofis, a cikin kati ɗaya, cewa fanka tana juyawa amma ba ruwa. Sai na kori akuya ɗaya na kwanta rigingine a wurinta, cikin kashinsu, na ɗora kyamara a kan dutse don kada hannu ya girgiza, na sa bakin bututu da gidan zanzaro a gaba, fankar tana gudu can sama a bayansa. Zanzaron mai gidan yana ta zagaya mini kunne, ni kuwa ba damar motsi. Na ɗauki matan rugar suna dawowa daga Ɗan Marke da jarkoki a ka. Na ɗauki shanun, ba masu ƙibar nan da aka zaɓo ranar ba, sauran, waɗanda ake ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Waɗannan kaɗai na kai wa injiniya. Ya daɗe yana kallon na zanzaron, ya ce, "Malam Iro, wannan kam ba sai an yi bayani ba." Na Mai gari kuma na wanke masa babba, na sa a gilashi na aika masa, na sake jaddada wa wanda ya tafi da shi cewa na zaure ne.

Da lokacin yanke shawara ya zo aka tara masu garuruwan a wani ɗakin taro nan Daura, aka manna hotunan a allo, kowane gari da sunansa a ƙasa. Ni ina tsaye daga baya. Mai garin Ɗan Marke yana wurin, don su ma suna da nasu mataccen famfon ko da yake suna da rijiya. Abokin wasan Lawal ne, ba sa raga wa juna. Ya tsaya gaban allo ya gyara tabarau ya ce da ƙarfi, "Ikon Allah! Lawal, ashe akuya ka naɗa Sarkin Ruwa?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Na ga fuskar Mai gari Lawal ta canja. Ya yafito wani na tare da shi, aka fita, aka dawo da abu naɗe a darduma. Ashe ya taho da hoton nan, wai zai ba injiniya kyauta don ba a zuwa gaban manya hannu rabbana. Ya kwance shi, ya ɗaga sama da hannu biyu ya ce, "Ga Kwarin Gawo. Wancan ban san inda aka samo shi ba."

Injiniyan ba wawa ba ne, ɗan ƙasar nan ne, ya san halinmu. Ya karɓi hoton, ya juya bayansa ya ga hatimin shagona. Ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ba hoto nake tambaya ba, kai nake tambaya. Famfonku yana ba da ruwa ko ba ya bayarwa?"

Kalma ɗaya ake nema a wurinsa. Ya dubi mai garin Ɗan Marke, ya gyara rawani, ya ce, "Mun gode Allah. Mu ba mu saba roƙo ba."

"A gabansu nake so ka faɗa, don su ma kowa ya faɗi nasa. Yana bayarwa?"

"Ga shi kana gani da idonka."

Ban san lokacin da murya ta ƙwace mini ba. Na ce, "Wallahi ruwan jarka ne! Ranka ya daɗe, ka sani na sani, ruwan jarka ne!" Sai ɗaki ya juyo kaina. Wannan ya ce ba ni da kunya, wancan ya ce yaushe mai hoto ya isa ya ƙaryata mai rawani a bainar jama'a. Waɗanda suka gama yi masa dariya yanzun nan su ne suka zama masu kare masa mutunci, don kowa ya gane in gari ɗaya ya fita, nasa ya matso. Mai garin Ɗan Marke, wanda daga rijiyarsa aka jido ruwan, ya sunkuyar da kai yana jan carbi kamar ba ya ɗakin. Wani ma cewa ya yi wanda ya iya shirya hoto ɗaya zai iya shirya biyu, gidan zanzaro ai ɗaukowa ake yi a manna. Aka kama hannuna aka raka ni waje.

Daga baya injiniyan ya same ni a shago ya ce ya san gaskiya, amma ba zai iya tsallake waɗanda suka ce nasu ya mutu da bakinsu ya gyara wa wanda ya ce nasa yana raye ba, na sama da shi za su tuhume shi. Na ce to ya je ya gani da idonsa, ga babur ni zan kai shi. Ya ce zai je in an sami dama. Damar ba ta zo ba. Zagaye na gaba ma wani aka ba, don an ce ba a san wanne hotona za a yarda da shi ba. Aka gyara na wasu garuruwan, har da na Ɗan Marke masu rijiya. Masu magana sun ce girman kai rawanin tsiya, amma abin takaicin shi ne ba a kan mai rawanin tsiyar ta sauka ba. Shi yana da jakuna, yana da masu yi masa jido, ko rana ɗaya randarsa ba ta bushe ba.

Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Ku da kuke ɗauka ku watsa wa duniya kafin ku sauke hannu, wa ya taɓa tsayawa a cikinku ya tambayi kansa hannun wa abin zai faɗa, kuma wa zai kwana da ƙishi a kansa? Ni da na tambaya, na gindaya sharaɗi, na koma na kwanta cikin kashin awaki, duk da haka ban tsira ba, balle ku.

Da aka gama kaka, wata ranar kasuwa ina zaune a nan inda nake, sai ga Ardo Sale da sandarsa a kafaɗa. Ya rame. Na nuna masa benci ya ƙi, ya tsuguna a bakin ƙofa. Muka gaisa, na tambayi shanu, ya ce da sauƙi, ya sayar da waɗanda ba za su iya doguwar tafiya ba. Jibi za su tashi, kudu za su nufa, bai san inda za su tsaya ba.

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Ba wannan ya kawo ni ba, mai hoto. Hoton nan na busasshen kwami, kana da saura?"

Na ce, "Akwai, Ardo. Amma me za ka yi da shi, abin da ya kamata ka manta?"

Ya ce, "Yanzu Bafulatani in ya sauka baƙo da shanu, kafin a ba shi ruwa sai an tambaye shi me ya koro shi. Wasu su ce sata ya yi, wasu su ce jini ya zubar. Ni ba ni da kowa can da zai tsaya mini. In mai garin wurin ya tambaye ni, sai in miƙa masa wannan ya gani da idonsa, ƙishirwa ce."

Na shiga ciki na ɗauko, na sa masa a leda don kada gumi ya ɓata shi. Ya sa hannu a aljihu, na ce kul. Ya cusa hoton cikin rigarsa ta ciki, ya danna shi da tafin hannu a ƙirji ya ji ya zauna, sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi.